SATIFIKET A BANGO, IDO A ASIBITI



Na san wasu daga cikinku da sun ga rubutuna sai su gyara zama, a zatonsu ci gaban labarin nan ne da na bari a tsakiya. To a yi mini afuwa, yau ba Alhaji ba Hajiya, ba kishiya ba uwar miji. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma lura muddin ban amayar da ita ba, alƙalamin ma ba zai ƙara yi mini gudu ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda ne a nan Dutse. Idan ka shiga shagonsa, abin da za ka fara gani a bango shi ne wani satifiket a cikin gilashi, da jan tambari da sa hannun mutum biyu, yana shaida cewa mai wannan suna ya halarci bitar kwana 2 a kan kiyaye haɗurra a wurin aiki. Wata 7 bayan an ba shi wannan takarda, wata rana da hantsi yana yankan ƙarfen ƙofa, faifan injin ya tarwatse, wani ɓalli ya shige masa ido na hagu. Mun yi jigila tsakanin Dutse da Kano har kuɗin hannunmu suka ƙare, muka sayar da babur ɗinsa, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma idon bai dawo ba. Murfin da ke kare faifan, shi da hannunsa ya kwance shi, domin faifan da ya samu a kasuwa ya fi injin girma. Tabaran kariya da aka raba musu a wurin bita kuwa yana gida a ƙasan akwati, sabo fil a ledarsa, an adana shi tare da takardun fili.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a wuya, mai karatu, shi ne ni na yi tafinta a wannan bita. Da bakina aka koya masa.

Wata ƙungiya ce ta shirya, ba sai na kama suna ba, a ɗakin taro na wani otal. An tara masu walda da makanikai da kafintoci da birkiloli da masu fasa dutse, ɗaki ya cika. Aka nemi wanda ya iya juya Turanci zuwa Hausa mai daɗi, wani ya ce ai ga marubuci, shi ke nan aka kira ni. Mai ba da horon saurayi ne mai ilimi, kuma tsakani da Allah ban ga mugunta a tare da shi ba. Ya kunna majigi, ya riƙa nuna mana hotunan Turawa da hulunan kwano a kan rijiyar mai a tsakiyar teku, da wata masana'anta mai tsabta kamar ɗakin amarya. Ya ɗauki kusan awa guda yana bambance wasu kalmomi biyu na Turanci waɗanda a Hausa duk haɗari ne sunansu, ni kuwa ina ta haɗa gumi a cikin sanyin na'ura, ina neman yadda zan raba aya da tsakuwa. In ya gama shafi sai ya ce, "Kun gane?" Ɗaki ya amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Alhali wasu gyangyaɗi suke yi, wasu kuma hankalinsu yana kan aikin da suka baro a shago da ambulan ɗin alawus da za a raba da yamma.

A layin gaba akwai wani dattijo, ubangidan ƙanen nawa, wanda ya koya masa sana'a, ya fi shekara 40 yana riƙe da ƙarfe. A kwana biyun nan babu wanda ya tambaye shi komai. Sau ɗaya tak ya ɗaga hannu, ya ce irin tabaran nan da aka raba, in aka shiga zafin bazara hazo yake yi da gumi, mutum ba ya ganin layin da yake yanka. Na fassara. Mai horon ya yi murmushi, ya ce doka dai ita ce a sa, ya wuce shafi na gaba. Baban ya gyara hularsa, bai sake cewa uffan ba har aka tashi. A ranar ban ɗauki abin a bakin komai ba. Sai a asibiti, ina zaune a bakin gadonsa, na ce wa ƙanena, "Kai kuwa ina tabaran da aka ba ka?" Ya ce, "Yaya, ai ko Baba bai taɓa sa nasa ba."

To a nan na gane inda aka yi asarar bitar gaba ɗayanta, kuɗin otal da abinci da satifiket duka. An yi asararta ne a daidai lokacin da aka yi wa tsohon nan murmushi aka wuce. Yaron shago hannun ubangidansa yake kallo, abin da ya ga hannun yana yi shi ne doka a wurinsa.

Ra'ayina ke nan, kuma duk wanda zai ji haushi ya yi haƙuri: yawancin abin da ake kira horon kiyaye haɗari a wajajenmu, domin hoto da rahoto ake shirya shi, kuma an gina shi a kan kuskure guda, wato ɗaukar magidanci mai gemu kamar ɗan aji uku na firamare. Yaro kana iya ce masa haddace ya haddace, don bai ga duniya ba tukuna, ga kuma tsoron bulala. Babba kuwa da kayansa yake zuwa. Yana zuwa da shekarun da ya yi yana wannan aiki bai mutu ba, da mutuncinsa a idon yaransa, da bakunan da ke jiran cefane a gida. Duk abin da ka gaya masa sai ya ɗora shi a kan wannan sikeli. Idan ka ce masa yadda yake yi kuskure ne, a gaban yaran da ya koya wa riƙon guduma, to ko da gaskiya ka faɗa ka rufe ƙofa da kanka. Zai ce maka "to", irin "to" ɗin nan ta Bahaushe wadda ba ta ɗaukar alkawarin komai.

Abin mamaki shi ne mu ya kamata mu fi kowa sanin yadda ake koyar da babba. Tun shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridu da Hausa domin manya masu koyon karatu. A 1980 gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, lokacin mu ma nan Kano ce, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jigawa. Aikin da hukumar ta yi har sai da UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Daga irin waɗannan azuzuwa na manya wasu jiga-jigan adabinmu suka fito, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Me ya riƙe mutum mai iyali a kan benci da daddare, bayan ya wuni yana neman abinci? Buƙatarsa ce da ya zo da ita. Wani yana so ya karanta wasiƙarsa ba tare da wani ya ji sirrinsa ba, wani yana so ya rubuta bashin da yake bin mutane. Babba ba ya ɓata lokacinsa a kan abin da bai ga inda zai yi masa rana gobe da safe ba. Mun san haka a kan a-ba-ca-da, amma da aka zo maganar tsare ido da huhu da yatsu sai muka manta.

Kuma kada wani ya zaci masu sana'ar nan ba su da nasu ilimin. Tsofaffin masu haƙa da yasar rijiya, kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, fitila suke zurawa da igiya; in ta mutu a ƙasa sun san babu iskar da ɗan Adam zai shaƙa. Shi wannan dattijo da aka ƙi saurara, bai taɓa yarda a kusantar da wuta ga tanki ko duro da ya taɓa cin mai ba, sai an wanke shi an cika shi da ruwa, domin yana saurayi ya ga abin da duro "wanda babu komai a ciki" ya yi wa wani abokinsa. Manomin da ya daɗe yana feshi ya san ba a fuskantar iska da famfo. Da mai horon nan ya kashe majigi, ya ce, "Baba, a shekarunka na aiki wane haɗari ne ka gani da ba ka manta ba?", wallahi da ba a tashi ba sai Magariba. Kowa a ɗakin yana da labari, wani yatsa ne babu, wani tabon ƙuna ne a damtse. Littafin darasin yana rubuce a jikin ɗaliban, aka bar shi a rufe.

Bayan sun zazzage nasu, a nan ne mai ilimin boko zai ɗora nasa, kuma za a karɓa da hannu biyu. Zai ce musu gwajin fitila daidai ne a rijiyar ruwa, amma kada a kuskura a yi shi a masai ko tanki, domin can akwai iskar da ke kama wuta, akwai kuma wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi, sai dai a ga mutum ya zube. Zai gaya musu dalilin da ya sa muke yawan jin an fito da gawa biyu ko uku daga rami guda: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya dira ceto ba igiya ba komai, shi ma ya bi shi. Zai gaya wa masu walda cewa yashin nan da suke ji a ido da tsakar dare hasken walda ne ya ƙona fatar idon tun da rana, kuma baƙin gilashin gayu na kasuwa ba ya tare shi. Zai gaya wa mai shago cewa hayaƙin janareto da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, shi ya sa ake samun iyali guda a kwance kamar masu barci.

Bari in zo kan abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Daren Talata 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malala cikin lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar bai ɗaya, asibitocin Ringim da Haɗeja suka cika, aka wuce da wasu Kano. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka rasu sun haura 200, yawancinsu matasa majiya ƙarfi. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Na ji masu cewa kwaɗayi ne, na ji masu cewa jahilci ne, kuma ban ji daɗin ko ɗaya ba, domin zagin mamaci ba ya tsare mai rai. A makon da abin ya faru litar fetur ta kai naira 1,000, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wanda bai ajiye komai a gida ba, ya ga dukiya tana gudu a kwata, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da bai san fetur yana kama wuta ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da ni kafin lokacin, shi ne ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tiririnsa ne. Tiririn nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi yana bin ƙasa da kwata da gangare, ido ba ya ganinsa. Mutum yana iya tsayawa can nesa, ƙafarsa a bushe, yana ganin ai shi kallo kawai ya zo, alhali a tsakiyar abin yake tsaye. Tartsatsi guda ya isa. Wannan bayani bai kai minti 5 ba. 'Yan bumburutu nawa ne a bakin titunanmu, daga Shuwarin zuwa Gujungu, da suke wuni suna juye mai daga jarka zuwa galan, aka taɓa yi musu shi?

Wani zai ce ai Majiya kanta ta isa darasi, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa. Ni ma haka na zata. Sai ga shi wata 3 kacal bayan nan, ranar 18 ga Janairu, 2025, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, wata tankar ta faɗi, aka sake rasa mutum sama da 80. Rahotanni suka ce janareto aka kunna domin a juye man zuwa wata tankar. Ka ga wannan kuwa masu aikin ne da kansu, kuma babu yadda za a yi a ce ba su ji labarin Majiya ba. Tun 1998 ma aka yi gobarar bututun mai ta Jesse a Jihar Delta, inda aka rasa rayuka wajen 1,000. Ashe tsoratarwa kaɗai ba ta koyar da babba. Hoton gawa yana girgiza mutum kwana biyu, a rana ta uku zuciyarsa ta raɗa masa cewa waɗancan tsautsayi ne ya rutsa da su. Abin da ke zama shi ne ya gane yadda abin ke aiki, ya gani da idonsa. Ma'aikatan kashe gobara suna da wani gwaji da suke yi, inda ake sa ɗan tsumma mai ɗigon fetur a saman wani kwararo, a ajiye kyandir a can ƙasa, sai ka ga wuta ta taso daga kyandir ta hau gangaren da gudu ba tare da mai ya zuba ba. (Don Allah kada wani ya gwada a gida, aikin masu horo ne.) Wanda ya ga wannan sau ɗaya a tashar mota, ba na jin zai ƙara tsayawa kallon tanka.

Gani ya kori ji, kuma muna da misalin da ya yi aiki a ƙasar Hausa. Kowa ya san yadda ake zuba wa wake maganin ƙwari don kada ya huje, mai zubawa ya shaƙa, mai ci ya ci, har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan maganin da ake samu a jikinsa. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka sun fito da buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya cinye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Daga 2007 da aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma, yaya aka koya wa manoma? Ƙauye aka shiga. Malamin gona ya tara mutane, wasu manoma suka kawo wakensu na kansu, aka zuba aka ɗaure a gaban kowa, aka bar shi a hannun masu shi. Bayan watanni aka sake taruwa aka buɗe a bainar jama'a, kowa ya tsoma hannu ya damƙo ya duba. Manomi bai yarda da Purdue ba, ina ma ya san ta? Da waken maƙwabcinsa ya yarda.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da wani tsari da ya samo asali a ƙauyukan Biyetnam a 1995, wanda ya burge ni ƙwarai. Masu horon sukan zaga gonaki da gidajen mutanen garin, su ɗauki hoton dabarun da wasu suka riga suka yi da kansu ba da tsada ba, wannan ya yi wa injinsa murfi da katako, wancan ya rataye maganin feshi a akwati mai makulli inda yaro ba zai kai ba. Waɗannan hotuna su ne darasin. In an ziyarci wurin aikin mutum, sai an fara faɗin abubuwa masu kyau da aka gani kafin a taɓo na gyara, sannan shi da bakinsa zai zaɓi abin da zai gyara, a dawo daga baya a gani. Ka ji mutanen da suka san darajar fuskar magidanci.

Sai babbar katanga, wadda masu majigi ba su ma san da ita ba balle su tsallaka: "Abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne, mun yi imani. Amma ina ganin zalunci ne mu riƙa jingina wa ƙaddara murfin injin da muka kwance da hannunmu. Malamanmu suna karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Suna karantar da mu yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka yi masa maganar gudun ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wannan amsa ba daga bakin saurayi mai kwat za ta fito ta shiga ba. Daga mumbari za ta fito, ko daga bakin malamin zaure bayan sallar Asuba. Bitar da aka gayyaci kwamishina ya buɗe amma ba a gayyaci limamin unguwar makanikai ba, ni dai ban ga inda ta dosa ba.

Har yanzu fa maganar haɗarin da ke zuwa da ƙara muke yi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikinsu, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba cuta ce ke cin su a hankali. Je ka gindin duwatsun da suka ba garin nan suna, ka ga masu fasa dutse sun yi furu-furu da ƙura. Ƙurar da ke lalata huhu ta fi ƙarfin ido, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, tabon da take yi wa huhu ba ya warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Sai bayan shekaru mutum ya fara haki, a ce sanyi ne ko sammu. Yayyafa ruwa a wurin fasawa yana kwantar da ƙurar sosai, amma wa ya gaya musu? Haka maganin feshi a gonakin riɗi da shinkafa: bayanin jikin roba da Turanci yake, ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero. Alhali akwai zanen launi a gindin takardar, ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, abin da ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai riƙe a zama guda.

A nan kuma dole a sa mata a lissafi, ko da ba su je gona ko shago ba. Wa ke wanke rigar feshi, wani lokaci a baho ɗaya da kayan jariri? Wa ke ɗauraye robar magani ta zuba man gyaɗa ko ruwan sha? Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ake kai duwatsun zinare cikin gida ana daka, gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Uba ne ke sana'ar, 'ya'ya suka biya. Makarantun Islamiyya na matan aure cike suke a kowace unguwa, rediyo kuma ba ya mutuwa a tsakar gida, daga Radio Jigawa zuwa Freedom ta Dutse. Hanyar tana nan a buɗe.

Na san abin da wani zai ce: kai marubuci, surutu ba ya sayen safar hannu. Gaskiyarsa. Horo ba ya maye gurbin gyaran titi, ko motar kashe gobara, ko mai gida ya sayi inji mai lafiya. Muna da Dokar Masana'antu ta 1987, muna da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni. To amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba. Ƙanena ba shi da takardar albashi, ba wanda ya biya shi ko sisi. Wanda doka ba ta san da zamansa ba, abin da ke kansa da abin da ubangidansa ya saba masa su ne kaɗai garkuwarsa. Shi ya sa nake jin zafi in na ga an yi wasa da koyar da shi. Kuɗin da aka kashe a otal ɗin nan, da ƙungiyar masu walda aka ba, aka zaɓi dattawan sana'a aka fara shawo kansu, aka nemo tabarau mai ƙofofin iska wanda ba ya hazo aka ce Baba ya gwada ya faɗi ra'ayinsa, aka riƙa zagawa shago-shago rabin awa kafin a fara aiki, aka dawo bayan wata guda, da wataƙila wannan rubutu bai taso ba.

Mu marubuta kuma kada mu yi saurin nuna yatsa. Na zauna na duba littattafaina, na ga jarumaina daga ɗan Alhaji mai kamfani sai likita sai wanda ya dawo daga Ingila. In an yi haɗari a labarina, to mota ce, kuma don jaruma ta samu dalilin kuka a asibiti ne. Ban taɓa rubuta mai walda ba, alhali da kuɗin walda aka taya ni buga littafina na biyu. Mu ne fa ake karantawa a ɗaki, ake saurare a waya ana tuƙa tuwo. Mun iya sa mace ta tsani kishiyar da ba a taɓa haifa ba, mun iya sa saurayi ya haddace kalaman soyayya shafi guda. Ashe za mu kasa sa mai karatu ya ƙaunaci wani bakanike, ya bi shi har ranar da zai kunna janareto a rufaffen shago, yana karatu yana cewa kada ka yi, kada ka yi? Ba wa'azi nake nufi a cusa a tsakiyar labari ba, mai karatu yana jin ƙamshin wa'azi yake tsallake shafi. Mutum nake nufi, mai mata da bashi da buri, wanda aikinsa ke cikin labarin kamar yadda yake cikin rayuwa.

Ƙanena ya koma shago, da ido ɗaya. Yana da yara 4 da ke koyon aiki. Duk sabon yaron da aka kawo, ranar farko ba ya ba shi guduma. Zaunar da shi yake yi a kan benci, ya cire baƙin gilashin da yake sawa yanzu, ya ce, "Kalle ni da kyau." Sannan ya ɗauko ɓallin faifan, yana nan ya ajiye shi a gwangwani, ya sa masa a tafin hannu. Ya mayar wa injin murfinsa, ya kuma ɗaure tabarau a jikin wayar injin da igiya, yadda ba za ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba. Kwanakin baya na biya ta wurin da La'asar, na tarar da Baba ya zo gaisuwa, ya karɓi injin zai nuna wa wani yaro yadda ake fitar da kusurwa. Yaron, wanda bai fi shekara 15 ba, ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ga gilashin." Tsohon ya dube shi, ya dubi ƙanena, ya karɓa ya sa.

Satifiket ɗin yana nan a bango. Na ce masa ya cire, ya ce a'a Yaya, bar shi, yana rufe wani rami ne a jikin siminti.